Wace fitila ce ta dace da rainon iri a cikin ɗaki?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya. Ya shuka irin tumatir da tattasai da kabeji a tire, ya ajiye su bakin taga a cikin ɗaki. Sun fito lafiya lau, amma kafin mako biyu sai suka miƙe zanƙal-zanƙal, kara siriri, ganye a koɗe, duk sun karkata wajen taga, wasu ma sun langaɓe sun kwanta. An ce masa haske ne bai ishe su ba. Da ya tashi sayen fitila sai ya tarar da su iri-iri, wata mai hasken shunayya, wata mai fari, wata kuma an rubuta mata wat 1000 a kwali. Wacce zai saya, kuma yaya zai yi amfani da ita?

Ɗan'uwa, wanda ya ce maka haske ne ya gaya maka gaskiya. Bari in fara ba ka amsar kai tsaye, sannan in zo da dalili. Ka nemi dogayen fitilun LED masu farin haske, irin masu tsawon santimita 120, kowace tana jan wuta wat 30 zuwa 40 na gaskiya. Ka rataya guda biyu gefe da gefe a kan layin tirenka, tazarar santimita 10 zuwa 20 daga saman ganye, ka bar su a kunne awa 14 zuwa 16 kowace rana. Ga mai rainon irin kayan lambu na makonni huɗu zuwa takwas kafin dashe, wannan ya wadatar. Abin da nake so ya zauna maka shi ne, tsiro bai san sunan kamfani ko rubutun kwali ba, yawan hasken da ya sauka a kan ganyensa kawai ya sani. A kan wannan za ka gina duk cinikinka.

Idonmu ne ke yaudararmu a wannan sha'ani. Ido yana daidaita kansa da duk wurin da ya shiga, shi ya sa ɗaki mai taga biyu yake maka kamar haske ya wadata. Amma in ka ɗora ma'auni, tsakar rana a fili hasken yakan kai laks 100,000 (laks shi ne ma'aunin hasken da ke sauka a wuri), ɗakin da mutum ke karatu a cikinsa ba wahala kuwa yawanci laks 300 zuwa 500 ne. Bakin taga ya fi tsakar ɗaki, sai dai hasken yana zuwa ta gefe ɗaya, na 'yan awoyi, gilashi da labule da inuwar gini duk sun rage shi. Tsiron da ya fito ya tarar da haka sai ya zuba ɗan abincin da ke cikin ƙwayarsa wajen tsawaita kara don ya kai inda haske yake. Tsawon da ka gani ke nan. Neman ceto ne, ba ƙoshin lafiya ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Laks da lumen, wato ma'aunin hasken da fitila ke fitarwa wanda ake rubutawa a jikin fitilun gida, an tsara su ne bisa ganin idon ɗan Adam, shi kuwa ido ya fi kama hasken da ke tsakanin kore da rawaya, wajen nanomita 555 (da nanomita ake auna tsawon zangon haske, wanda shi ke bambanta launi da launi). Ganye yana da nasa lissafin. Yana haɗa abincinsa da hasken da ke tsakanin nanomita 400 zuwa 700, wato daga shuɗi har ja, kuma abin da ya dame shi shi ne adadin ƙwayoyin hasken da suka faɗo masa. Saboda haka masu wannan fanni suke ƙidayar ƙwayoyin hasken da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya. Shi ne PPFD da za ka gani a jikin fitilun shuka na ƙwarai, ana auna shi da mikromol. Rana tsaka a fili tana ba da wajen 2,000. Ƙananan tsirran kayan lambu suna son 150 zuwa 250. Tsakar ɗaki da ƙyar take kai 10.

Akwai ma'auni na biyu da ya fi wannan muhimmanci, DLI, jimillar hasken da tsiro ya samu daga safe zuwa dare. Ka ɗauke shi kamar ruwan sama: PPFD shi ne ƙarfin saukarsa, DLI kuma abin da ya taru a bokiti bayan ya ɗauke. Lissafinsa ba wuya. Ka ninka PPFD da awoyin da fitila ta yi a kunne, sannan ka ninka da 0.0036. In ganye na samun 200 na tsawon awa 16, jimilla ta zama 11.5. Irin tumatir da tattasai da kabeji da gauta suna yin kyau in suna samun 10 zuwa 15 a rana. In jimillar ta yi ƙasa da 6 ko makamancin haka, za ka ga irin miƙewar da ka gani ko da wace fitila ce a sama. Amfanin sanin wannan shi ne, fitila mai ɗan rauni ana iya cike mata da ƙarin awoyi, amma da iyaka, domin wadda ke ba da 60 kawai ko ta kwana a kunne ba za ta wuce 5 da ɗoriya ba.

Mu auna da wurin da za ka yi aiki. A ce tire biyu ka jera a tsaye, tsawon santimita 120, faɗin 30. Murabba'in mita 0.36 ke nan. Don kowane ganye ya samu 200 kana bukatar mikromol 72 su sauka a wurin kowace daƙiƙa. Ba duk hasken da ya fita daga fitila yake faɗawa kan tire ba, kashi ɗaya cikin uku ko fiye yana zubewa gefe, don haka fitilun su fitar da wajen 115. Idan kwalin lumen kawai ya nuna, kuma farin LED ne, ka raba lumen ɗin da 70 za ka samu ƙiyasin mikromol. Fitila mai lumen 4,000 tana fitar da wajen 57, biyu sun kai 114. Daga nan na samo guda biyun da na ce maka. In kantarka ta kai faɗin santimita 50 ko 60, ka sa uku ko huɗu, in ba haka ba na tsakiya su yi kyau na gefe su karkata.

Batun wat 1000 ɗin nan yana ɓata mini rai, domin ya cinye kuɗin masu ƙaramin ƙarfi da yawa. A galibin irin waɗannan fitilun adadin da aka rubuta da manyan baƙaƙe suna ne kawai, ko dai jimillar abin da ƙananan ƙwayayen LED ɗin za su iya ɗauka a takarda, ko kuma da'awar wai ta yi daidai da wata tsohuwar fitila mai wat 1000. Ka juya kwalin ka nemi ainihin wutar da take ja daga soket. Sau da yawa za ka tarar da wat 100 ko ƙasa da haka. Wat 100 na gaskiya ba laifi ba ne, ya ma ishi tire uku ko huɗu, amma ka biya kuɗin wat 100. Kamfanin da ya san abin da yake yi yakan nuna abu uku: ainihin wat, yawan mikromol da kowane jul na wuta ke samarwa (jul shi ne wutar da wat ɗaya ke ci a daƙiƙa ɗaya), da taswirar PPFD da ke nuna adadin a tsakiya da kusurwoyi a wani tsayi takamaimai. Fitilun shuka masu kyau na yanzu suna ba da 2.3 zuwa 3 a kowane jul. Farin LED na gida yakan tsaya tsakanin 1.5 da 2. In an nuna maka adadi ɗaya tak mai girma ba a faɗi daga wane tsayi aka auna ba, ka san daidai ƙarƙashin fitilar aka manna ma'aunin.

Sai launi, wanda ya fi komai jan hankalin masu saye alhali bai kai yawan haske nauyi ba. Hujjar masu fitilar shunayya ita ce sinadarin koren ganye ya fi tsotsar shuɗi da ja, don haka a haɗa su biyu a bar kore. Akwai gaskiya a ciki, kuma a farkon zuwan LED jan ƙwai da shuɗi sun fi fari tsimin wuta. Amma tun 1972 wani masani mai suna Keith McCree ya auna yadda ganyen amfanin gona iri 22 ke amfani da kowane launi, ya nuna cewa kore ma ana cin moriyarsa sosai, bai kai ja ba amma bai yi nisa da shuɗi ba. Hasken kore yana kuma ratsa ganyen sama ya isa na ƙasa. Shi kansa farin LED shuɗi ne aka lulluɓe da wani sinadari mai juya wani kaso nasa zuwa kore da rawaya da ja, don haka yana ɗauke da duk abin da tsiro ke so. Shuɗin LED ɗin nan shi ne ya sa aka ba Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura kyautar Nobel a 2014, kuma ingancinsa ya yi ta ƙaruwa har fari ya daina zama asarar wuta.

Ni dalilina na fifita fari ya wuce lissafi. Mai raino da ido yake aiki. A ƙarƙashin hasken shunayya duk ganye baƙi-baƙi yake fitowa, ba za ka gane wanda ya fara rawaya saboda yunwar taki ba, ba za ka ga ƙananan ƙwari a bayan ganye ba, ba za ka lura da farar fumfuna a saman ƙasa ba sai ta bazu. Tsiro ɗan kwana goma ba ya jiran mutum, in ka makara kwana uku wajen gane matsala ka rasa tire.

A cikin farin ma akwai zaɓi. Za ka ga an rubuta 3000K ko 4000K ko 6500K. Mai ƙaramin adadi haskensa ja-ja ne, mai babba kuma fari tas mai ɗan shuɗi. Shuɗin haske yana sa tsiro ya tsaya gajere, kara ya yi kauri, ganye ya yi tauri, wanda shi ne burin mai raino. Don haka 5000K zuwa 6500K sun fi dacewa, ko da yake 4000K ma ba ta da aibi. Kada ka bar fitila mai ƙarfi ka ɗauki mai rauni saboda wannan adadin kawai.

Tsohon ƙwan fitila mai zaren waya a ciki kuwa, ka bar shi gaba ɗaya. Kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ja zafi take zama, kuma ɗan hasken da yake fitarwa ya cika wani nau'in ja mai nisa, wajen nanomita 730, wanda ido da ƙyar yake gani. Tsiro yana da sinadarin da ke auna wannan ja mai nisa da ja na gari, nanomita 660. Masu bincike na ma'aikatar noma ta Amurka a Beltsville ne suka gano aikinsa a 1952 da gwajin irin latas, suka kuma tabbatar da sinadarin a 1959, shi ne ake kira fitokurom. A gona ganyen sama yakan tsotse ja ya bar ja mai nisa ya wuce, don haka duk tsiron da ya ji ja mai nisa ya yi yawa sai ya ɗauka wani ya rufe shi, ya fara rige-rigen tsawo. Ƙwan mai zare saƙon da yake aika wa tsiro ke nan dare da rana. Haka ma cunkoso: in ka bar tsirrai uku a rami ɗaya, inuwar junansu kaɗai ta isa ta miƙar da su ko fitilarka ta fi ta kowa. Ka rage su zuwa ɗaya da zarar ainihin ganye ya fito.

Dogayen ƙwayaye na fuloresan, T8 da T5, su aka yi shekaru ana raino da su kuma suna aiki. In kana da su ka yi amfani da su, ka kusanto da su santimita 5 zuwa 10. Amma sayen sababbi ba dabara ba ce, suna jan wuta kusan ninki biyu kafin su ba da hasken LED, ƙarfinsu yana raguwa tun ido bai lura ba, ga sinadarin makuri, wato zaiba mai guba, a cikinsu in sun fashe. Manyan fitilun sodiyam na gidajen gona na gilashi sun fi ƙarfin kanta, zafinsu zai gasa tire. Su kuma 'yan ƙananan masu lanƙwasasshen wuya da ake maƙalawa a teburi a jona da wayar caji, yawancinsu wat 10 ne ko ƙasa, tukunya ɗaya ko biyu za su iya riƙewa.

Siffar fitila da tazararta su ne abin da aka fi sakaci da shi. Haske yana raguwa da sauri in ka yi nisa da shi. Ga ƙwai guda mai kama da ɗigo, in ka ninka tazara haske yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Doguwar fitila ba ta faɗuwa da wannan saurin, amma duk da haka wadda ke manne a silin ba ta da wani amfani ga tire a ƙasa. Shi ya sa nake son dogaye: siffarsu ta yi daidai da tire, ana iya kusanto da su ba tare da tsakiya ya ƙone gefe ya yi duhu ba. Ka rataya su da sarƙa ko igiya mai sauƙin ɗagawa, kana ɗagawa kaɗan-kaɗan yayin da tsirran ke girma. Faffaɗar fitila mai wat 100 zuwa sama ita kuma sai a ɗaga ta santimita 30 zuwa 45, in tana da maɓallin rage ƙarfi ya fi. Ka kewaye kantar da farin kwali ko takardar alminiyam ta gefe uku, hasken da zai zube ya dawo kan ganye, wannan kyauta ne.

Don ka tabbata, akwai manhajojin waya masu auna laks. Ba su kai ainihin ma'auni ba, amma sun fi ƙiyasin ido nesa ba kusa ba. Ka kwantar da wayar daidai tsayin ganye, ka auna tsakiya da kusurwoyi huɗu. Ƙarƙashin farin LED kana neman laks 10,000 zuwa 18,000. In kusurwa ta gaza rabin tsakiya, ka riƙa juya tiren kowane kwana biyu. Wannan lissafin ba ya aiki da fitilar shunayya. Zafi kuma bayan hannunka ya isa gwaji: ka ajiye shi a tsayin ganye na rabin minti, in ka ji ya dame ka, fitilar ta yi kusa.

Ka sayi agogon soket mai kunnawa da kashewa da kansa. Mantuwar kwana biyu tana iya ɓata aikin mako uku. Kada kuma ka bar fitila awa 24 da tunanin ƙari alheri ne. Tumatir musamman in ya daɗe ba ya ganin duhu ganyensa yakan yi dabbare-dabbaren rawaya, ya raunana. Awa 8 na duhu haƙƙinsa ne. Albasa tana da nata hukuncin, domin tsawon yini ne ke gaya mata lokacin yin kai. Irin da ke yin kai a gajeren yini, awa 10 zuwa 12 sun ishe shi ya fara, in ka ba shi 16 a tire zai ƙulla ɗan kai tun yana siriri, kuma ba zai yi girman kirki ba bayan dashe. In za ka raini albasa, ka ware mata nata wurin da gajerun awoyi.

Lokacin kunnawa ma yana da muhimmanci. Yawancin iri ba sa bukatar haske kafin su fasa ƙasa, in ban da irin su latas da ake barbaɗawa a sama. Amma da zarar ka ga ɗan lanƙwasasshen wuyan nan fari ya ɓullo, fitila ta riga ta zama a kunne. Kwana ɗaya ko biyu cikin duhu a wannan gaɓar ya isa tsiro ya yi tsawon da ba zai taɓa komawa ba. Ni shawarata, ka kunna tun ranar shuka.

Wuta da ruwa za su zauna wuri ɗaya, don haka ka kula. Soket da mahaɗar waya su kasance sama da tire, ba inda ruwan ban-ruwa zai ɗiga ba. In kana fesa ruwa ko wurin yana da laima, ka nemi fitila mai alamar IP65, wato wadda ƙura da feshin ruwa ba sa shigarta. Cin wutar ba mai yawa ba ne, wat 70 na awa 16 yunit 1.1 ne a rana, wajen yunit 47 a makonni shida.

Bayan ka kafa komai, tsirran ne za su gaya maka ko ka dace. Tumatir ɗan mako uku da ya ƙoshi da haske gajere ne, kararsa mai kauri da gashi-gashi, sau da yawa da ɗan shunayya a gindi, tazarar ganye da ganye 'yar kaɗan, in ka shafa shi da tafin hannu ya lanƙwasa ya dawo tsaye. In tazarar ganyen tana buɗewa, ka sauko da fitila. In ganyen sama yana koɗewa fari-fari ko gefensa na naɗewa sama alhali na ƙasa kore shar, haske ko zafi ya yi yawa, ka ɗaga. Ka sani kuma zafin ɗaki yana ƙara miƙewa. Bayan fitowa, digiri 18 zuwa 24 da rana da ɗan sanyi da dare ya fi musu, kabeji ma ya fi son ƙasa da haka. Ƙaramar fanka da ke kaɗa su a hankali na 'yan awoyi tana ƙarfafa kara, tana kuma busar da saman ƙasa.

Waɗanda suka riga suka kwanta maka, ka duba gindinsu da kyau. In karar ta tsuke ta yi duhu daidai inda ta taɓa ƙasa, wannan ciwon fumfuna ne da yawan ruwa ke kawowa, fitila ba za ta tashe su ba. Ka cire su da ƙasarsu, ka rage ban-ruwa. In karar lafiya take tsawo ne kawai, tumatir yana da ceto: ka sake masa tukunya ka binne karar har kusa da ganyen farko, zai fitar da saiwa a jikinta. Kabeji ma ana iya nutsar da shi har ganyen farko biyu. Tattasai ba ya fitar da saiwa a kara da wannan sauƙin, ɗan nutsarwa kaɗan ya isa, in kuma ya lalace sosai gara ka sake shuka tunda mako biyu kawai ka rasa.

In lokacin dashe ya zo, kada ka fitar da su daga ƙarƙashin fitila zuwa rana kai tsaye. Ganyen da ya saba da 200 zai haɗu da 2,000, ga iska, ga nau'in hasken rana mai ƙuna da LED ba ta da shi, yini ɗaya ya isa ya yi fari ya bushe. Ka fara da awa ɗaya ko biyu a inuwa mai haske inda iska ba ta da ƙarfi, kana ƙara lokaci da rana kullum har kwana 7 zuwa 10, sannan ka dasa da yamma ko ranar da gari ya yi lumshi, ka ba su ruwa nan take.